Ɗigon Baƙin Mai a Kan Gangare

Duk wanda ya shiga Gombe ta hanyar Bauci ya san gangarawa ake yi, domin garin a cikin kwari yake zaune. Tun da ya zama babban birnin jiha a 1996 motoci suka yawaita, har a tsofaffin unguwanni irin su Dawaki, inda galibin masu mota ba su da wurin ajiya sai ƙofar gida, wadda sau da yawa ruwan damina ya zaizaye mata gefe guda.

A nan Dawaki akwai wani magidanci mai tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da ita yake ci da iyalinsa. Kullum ya ajiye ta a ƙofar gida kanta na duban tudu, da safe sai ya tarar da baƙin tabo a ƙasa, alhali kuwa a tasha takan yini ba ta ɗiga ba. Saboda haka ya ɗora wa gangaren laifi. In ya zaro ma'aunin mai ya ga ya yi ƙasa, sai ya ƙara, tabon kuwa sai daɗa faɗi yake yi.

To, ruwa ba ya tsami banza. Gangare ba ya huda inji, asiri kawai yake tonawa. Baƙin man ƙaramar mota, wanda bai cika wuce lita 4 ko 5 ba, yakan koma ya kwanta a kwanon da ke ƙarƙashin inji da zarar an kashe ta. A shimfiɗaɗɗen wuri ba ya kai bakin kwanon, amma in mota ta karkata sosai sai ya taru a gefe guda, ya tarar da gasket ko robar da ta bushe don zafi da tsufa, ya sami hanya. A injin da ke miƙe daga gaba zuwa baya, kamar na Fijo 504, in kan mota na sama man yakan koma wajen robar da ke tsakanin inji da giya. A injin da ke gicciye kuwa, kamar na Golf da yawancin Corolla, karkatar gefe ce ke kai shi ga robobin.

Sai dai shaidar gangare ba a karɓarta gaba ɗaya. Ma'auni a karkace ƙarya yake faɗi, ko ya rage ko ya ƙara, watau magidancin nan cika injin yake yi fiye da ƙima, man da ya yi yawa kuma shi ke ƙara yoyo. Bugu da ƙari, inda mai ya ɗiga ba lalle nan ne ya fito ba. Yana iya tsattsafowa daga murfin saman inji ko gindin filta lokacin tafiya, ya maƙale a wani lungu, sai mota ta karkata ya bi ƙarfe ya sauka can baya.

Da magidancin ya je gareji, bakaniken bai taɓa sifana ba sai da ya sa aka tsayar da motar a wuri madaidaici, aka jira kamar minti 10, sannan aka auna. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta don ya ga launi, domin baƙi ko ruwan ƙasa na inji ne, ja yawanci na giya mai sarrafa kanta ne ko na sitiyari, mai kauri da warin ƙibiritu na giyar hannu ne, garai-garai mai santsi kusa da taya kuwa man birki ne, wanda ba a kwana da shi. Daga nan ya wanke injin, ya barbaɗa hoda, ya tayar da shi, ya bi sawun danshin zuwa inda ya fi tsawo. Ashe gasket ɗin murfin sama ne. Da an bi tabon ƙasa, da an sauke giya a banza.

Jama'a, abin lura ke nan. Ɗigon da aka raina shi ke ƙarar da mai a tsakiyar hanyar Dukku ko ta Biu, in jar fitilar mai ta kama kuwa ba a tsaya nan take ba, inji ya buga, kuɗin gasket ya koma kuɗin inji sukutum. Wanda gangare ya nuna wa tabo ya gode masa, amma ya kai motar wuri madaidaici kafin ya yanke hukunci. Allah ya kiyaye hanya, amin.