Minti 60 a Ɗakin Duhu

Mai karatu, kin taɓa biyan kuɗi don a kulle ki? Ni na biya, bara, da na je kwas Alkahira. Wasan kuɓuta daga ɗaki ne, wanda aka fara a Japan a 2007. Mu huɗu aka rufe, minti 60, sai mun warware kacici-kacici kwaɗo zai buɗe. Fitila na lumshewa, ana jan ƙafa bayan bango. Ni 'yar Dalijan da ta saba aikin dare, sai ga hannuna na rawa! Hankalina bai kwanta ba sai da mai kula ya ce ta lasifika, "Ina ganinku." Tun dawowata, ba na fita daga ɗakin majinyaci da dare ban ce masa ina kusa ba.