Gini a Filin Wani: Tsakanin Rubutun Sha'awa da Buga Littafi



Yawancinku kun san ni da rubuta bayanan taron ƙungiya da wasiƙun gayyata, amma akwai wani rubutun da nake yi da dare fiye da shekara ashirin. Ina ɗaukar Alhaji Imam da Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja in ƙirƙira musu sababbin tafiye-tafiye: yau in kawo su kasuwar Kure su yi wa juna wayo, gobe in sa su cikin jirgin ƙasa zuwa Baro. Yarana da abokai kaɗan ne masu karantawa. Tambayar da kullum nake sha ita ce, "Sakatare, yaushe za ka buga?" Amsata ita ce ba zan buga ba, kuma ina so in faɗi dalili, saboda matasanmu da yawa, musamman mata, suna irin wannan rubutu a waya. Wata ta ci gaba da labarin Labarina daga inda zango ya tsaya, wani ya sake wa Daɗin Kowa ƙarshe, su tura a WhatsApp.

Da farko, iyaye ku daina kiran abin nan shirme. Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara ta jiharmu a 1911, shi ma da labaran wasu ya yi aiki. Tatsuniyoyi da dama na Magana Jari Ce daga Alfu Laila da labaran Turawa ya ɗauko su, ya sa musu riga da hula har suka zama na Hausa. Wanda ya ari taurarin wani yana koyon yadda ake sa mutum magana a takarda, da yadda ake riƙe mai karatu har ya manta tuwo na kan wuta. Makaranta ce wadda ba a biyan kuɗi.

Sai dai wanda ya yi gini a filin aro ba ya sayar da gidan. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Imam ya rasu a 1981, ke nan Malam Zurƙe ba nawa ba ne, ba zan kai shi maɗaba'a in sa farashi ba. Haka taurarin Labarina na masu shirinsa ne. 'Yata da ke karɓar ɗari uku-uku kafin ta tura ci gaban labarin fim ɗin wani, ki sani kin fita daga wasa kin shiga cin haƙƙi, ko da babu wanda ya kai ki kotu.

Na biyu, buga littafi sana'a ce mai nauyinta. Sai an sami edita ya yanke abin da kake so, a nemi lambar ISBN daga ɗakin karatu na ƙasa, a biya takarda da bango, sannan a bi masu shaguna ana neman kuɗin da aka sayar. Marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu sun bi wannan hanya da guminsu, kuma labaransu nasu ne tun daga tushe. Ni na auna kaina na ga abin da nake nema a rubutu shi ne hutun rai bayan aiki. Ranar da na fara lissafin kofi nawa aka saya, hutun ya tafi. Ba kowane mai buga ƙwallo a filin unguwa ne zai shiga Niger Tornadoes ba, kuma wannan bai rage masa daɗin wasa ba.

Amma wanda zuciyarsa ke kan bugawa, kada zaɓina ya sa ya yi sanyi. Minna gari ne na marubuta. A nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921 da Ben Okri a 1959, a nan marigayi Abubakar Gimba ya yi zamansa. Akwai reshen ƙungiyar marubuta ta ANA, akwai cibiyar Hill-Top da B.M. Dzukogi ya kafa don horar da matasa, ga gasar Hikayata ta BBC Hausa da ake yi wa mata tun 2016. Sharaɗin ɗaya ne: ka ajiye taurarin aro, ka ƙirƙiri naka. Mai sayar da doya a bakin titi, dattijuwar da ke jin Gwari da Nufanci da Hausa, ɗan acaɓan da ya bar makaranta, duk labarai ne da ba wanda ya riga ka rubutawa.

Roƙona ga iyaye shi ne ku karɓi wayar ku karanta abin da yaran ke rubutawa, ku gyara inda ya saɓa tarbiyya, ku yaba inda ya yi kyau. Duk matashin da ke da labarin kansa kuma yake son a duba masa, ya same ni bayan taron wata.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya sa alƙalaminmu ya zama shaida gare mu, ba a kanmu ba.

Sakataren Ƙungiya