Daga Barsalona zuwa Salbado ta Kan Teku

Kowace shekara, idan sanyi ya fara shiga Turai a watannin Oktoba da Nuwamba, kamfanonin jiragen ruwa na yawon buɗe ido sukan kwashe wasu jiragensu daga Bahar Rum su kai Brazil, inda zafi yake kankama a daidai lokacin. Tunda dole jirgi ya tafi ko da fasinja ko babu, sai a karya kuɗin ɗaki. Irin wannan jirgi muka shiga a Barsalona ni da uwargida, bayan ɗanmu da ke aiki a Sifaniya ya dage sai da ya biya mana.

Jirgin gari ne guda, bene kan bene, da dubban mutane a ciki. Yana da asibitinsa da kantunansa, burodi kuma a ciki ake gasa shi cikin dare. Ruwan da muke sha, muke alwala da shi, daga tekun ake zuƙo shi, injuna su raba shi da gishiri. Muka wuce mashigin Jibiralta, muka yada zango a Las Palmas ta tsibiran Kanari, daga nan ƙasa ta ɓace mana.

A nan ne tafiyar ta fara shiga jikina. Ranakun sun zama iri ɗaya, ban kuwa gaji da su ba. Tunda kudu maso yamma muka nufa, alƙibla ta koma bayan jirgi ta hannun hagu, muka riƙa yin ƙasaru a ɗan filin da ke tsakanin gado da taga. Wasu darare akan sanar a mayar da agogo baya da awa guda, domin tsakanin Barsalona da birnin Salbado na Brazil tazarar awa huɗu ce a wannan lokacin na shekara. Bayan asuba nakan hau sama in tsaya a bakin ƙarfe, in ga ƙananan kifaye masu fiffike suna tsalle daga gaban jirgi, su yi ta shawagi dab da ruwa kafin su nutse. Ranar da igiyar ruwa ta tashi Hajiya ta kwanta da jiri, shayin citta ya tashe ta. Abinci kuwa ba ya yankewa. Mu dai muka riƙe kifi da shinkafa da ganye, muna tambaya kafin mu ɗiba. Abin da ya riƙa ci mini rai shi ne farantai da ake ɗaukewa daga tebur ba a ci ko rabinsu ba.

Mai gyara mana ɗaki ɗan Indunusiya ne, Musulmi. Da ya ga darduma a shimfiɗe sai ya yi mana sallama, fuskarsa ta washe. Ya ce kwantiraginsa na watanni ne masu yawa, babu ranar hutu a ciki sai 'yan awoyi tsakanin aiki da aiki, 'yarsa kuma ta fara tafiya yana kallo ta waya. Da ya fita Hajiya ta dube ni ta ce, “Alhaji, yaron nan fa sa'an ɗanmu Babangida ne.” Tun daga ranar take naɗe tawul ɗinmu da kanta kafin ya shigo. Irinsa sun cika jirgin, daga Filifin da Indiya da wasu wurare, yawancinsu a benayen ƙasa da fasinja ba ya takawa.

Ruwan da muka ratsa bayan Kanari shi ne wanda samari ke shiga da kwalekwalen masunta daga gaɓar Senegal da Gambiya da Muritaniya suna neman Turai. A shekarar 2024 kaɗai fiye da mutum 46,000 suka isa tsibiran ta wannan hanya, wasu da dama kuma teku ta cinye su. Su suna nufar arewa da jarkar ruwa da buhun garin kwaki ko biskit, mu muna nufar kudu ana tambayarmu ko a ƙaro shayi. Na san ba wayona ba ne, ba kuma don na fi iyayensu addu'a ba. Fasfo mai biza da ɗa mai albashi su ne suka raba ni da su, dukkansu kuwa kyautar Allah ce.

Da muka tsallake layin ikweta aka yi biki a bakin wurin ninƙaya, wani ma'aikaci ya yi shigar sarkin teku, ana ta dariya da jiƙa mutane. Ni hankalina yana kan inda muka dosa. Brazil ta karɓi bayi 'yan Afirka sama da miliyan 4, fiye da kowace ƙasa, kuma sai a 1888 ta hana bauta. Cikin waɗanda aka loda a Wida da Legas zuwa Bahiya, yankin da Salbado take, akwai Hausawa, da yawansu an kama su ne a yaƙe-yaƙen zamanin jihadi. Sun yi fiye da wata guda a ɗaure a cikin jirgi kafin su ga ƙasa. A 1807 aka bankaɗo shirin tawaye na bayi Hausawa a Salbado. A Janairun 1835, cikin watan azumi, Musulmin garin suka tashi, yawancinsu Yarbawa ne tare da wasu Hausawa, aka kuma samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Hausawan cikinsu mutane ne masu allo da tawada, waɗanda suka san Katsina da Zazzau.

Da hantsi muka shiga tashar Salbado. Muka hau lif ɗin Lacerda, wanda aka buɗe tun 1873, zuwa tsohon gari da ke kan tudu, muka taka duwatsun Pelourinho inda a da ake yi wa bayi bulala a bainar jama'a. A gefen titi wata mata cikin fararen kaya da ɗankwali tana suyar ƙosai a manja, ta tsaga shi ta cusa jatan lande da yaji. Hajiya ta ɗanɗana, ta ce waken ya sha bugu yadda ya kamata, ta nuna wa matar yatsu biyu a ƙaro mata, ta ce a naɗe ɗaya daban za ta kai wa yaron da ke gyara mana ɗaki, tunda aiki ya hana shi sauka.