Kwana biyu a Yakasai: waya ɗaya, yara sittin

Da hantsi na shiga mota a Kwangila. Muka bar Zariya, muka wuce Kwanar Ɗangora da Kura, kafin azahar ina Na'ibawa. Daga nan adaidaita sahu ya kai ni Ƙofar Mata, na ƙarasa Yakasai da ƙafa, don lungunan cikin birni ba su san mota ba. Ƙanwata ce ke koyarwa a wata firamare a unguwar, kuma ta daɗe tana damuna da in zo in ga abin da 'yan aji shida suke yi da wayarta.

Gaskiya da shakku na tafi. A ganina yaron da bai gama iya haɗa baƙi ba, me zai yi da bidiyo?

Aikin da ta ba su shi ne labarin minti biyu a kan marinar Ƙofar Mata, wadda da yawansu ke wucewa ta gabanta kullum ba su taɓa leƙawa ba. Ta nuna mini na farkon da suka kawo. Yarinya ce tsaye tana rattabo cewa an kafa marinar a 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ƙarar babura ta cinye rabin muryarta.

"Yaya, ka san abin da na tambaye su?" in ji ta. "Na ce wa kuka tambaya? Suka yi tsit. Daga allon bakin ƙofa suka kwafo."

Sai ta hana su wayar mako guda. Ta ce su je da littafi da biro, su gaida mutane, su zauna, su saurara. Wannan tsari na fara jin bakin mai abu, a gano ainihin matsalarsa, a gwada mafita, in ta ƙi a sake, a wani taron horar da malamai ta ji shi, aka ce a Jami'ar Stanford ta Amurka ake koyar da shi. Na yi dariya. Wane tela ne a kasuwar Kurmi zai yanka yadi bai auna mai riga ba?

Washegari da sassafe, ranar da makon ya cika, na bi su marinar. Wani dattijo na zaune bakin karofi, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu, yana tsoma zane yana ɗagowa. In ya fito da shi sai ka gan shi kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonka. Wani yaro ya durƙusa ya ce, "Baba, me ya sa ake ta fito da shi?" Dattijon ya ce sai ya sha iska launin ke kamawa. Ya yi musu bayanin yadda ake haɗa baba da toka da kanwa, a bar ruwan ya yi makonni yana nuna. Darasin kimiyya ke nan, ba alli ba allo.

A nan suka gano abin da ke cin masu rinin: karofi da yawa sun bushe, samari sun guji sana'ar, mai saye kuma ba ya bambance rinin baba da na kanti. 'Yan matan ajin suka ƙara da nasu, cewa ɗaurin zanen nan mai zagaye-zagaye mata ne ke yin sa a cikin gida, ba a kuma taɓa ambatonsu. Labarin ya sauya gaba ɗaya. Suka sake ɗaukar bidiyon tun kafin titi ya cika, suka matso da wayar kusa da bakin dattijon. Sau huɗu suna sakewa.

Ba zan ce komai ya yi daidai ba. Yara goma ne suka riƙe wayar, sauran 'yan kallo, kuma rubutun da suka sa a ƙasan hoton cike yake da kurakurai. Amma yaron da aka ce mini ba ya buɗe baki a aji, shi ya rubuta tambayoyi bakwai da hannunsa.

Wayar ta ƙanwata ce, fuskarta a tsage, kuɗin data kuma daga albashinta. Mai karatu, in kana da tsohuwar waya a ajiye cikin durowa, akwai makaranta a unguwarku.