Gadarif: Lissafin Mota Bayan Kakar Riɗi

Gadarif gari ne na manoma a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Ƙasarsa baƙar laka ce, arzikinsa dawa da riɗi. Mun tarar da Hausawa da yawa a can, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka. Da zarar an sayar da riɗi, sai zancen sayen mota ya cika majalisa.

Wasu na cewa sauƙi yana bakin masana'anta. Turawa suna da wannan tsari: kamfanin Volvo kan ba mai saye daga Amurka damar karɓar motarsa a Gothenburg ta ƙasar Suwidin, sannan a aika masa da ita ta jirgin ruwa. Lissafin mutumin Gadarif kuwa daban yake. Motar da ya sayo a Jidda sai ta ƙetare Bahar Maliya, a biya kwastan, sannan a biyo da ita ta Kasala, ban da kuɗin biza, masauki da canji. Shi ya sa bayan buɗe masana'antar Giad a kudu da Khartum a 2000, wasu suka gwammace su bi ta Wad Madani su karɓo Hyundai, kafin yaƙin 2023 ya dagula hanyar.

Ya ku magidanta, farashin gaskiya shi ne wanda mota ta iso ƙofar gida da shi. A tambayi bakanike: akwai kayan gyaranta a kasuwa? Za ta iya da lakar damina? Kada a taɓa kuɗin iri ko na karatun yara saboda rangwamen ƙetare, domin araha ba ta ado. Allah Ya sa mu dace.