Ɗan Kakin da Muka Kai Alƙahira

A filin jirgin Malam Aminu Kano, mai binciken kaya ya ɗaga 'yar robar ya ce, "Hajiya, wannan fa?" Na ce naman cikin yayana ne. Ya dire ta da sauri, har yana goge hannu a wando.

Ba wasa nake ba. Da aka yi wa Yaya aiki aka ciro ƙari daga ƙaramin hanjinsa, an daskarar da wani yanki a cikin kaki, bai kai akwatin ashana ba. Shi muka ɗauko zuwa Masar.

Mun sauka Alƙahira da dare. Wani ɗalibin Azhar ɗan Gwammaja ya kai mu masauki a Madinatu Nasr, shi ya zama tafintanmu. Gari ne da ba ya barci, hon ɗin mota har asuba. Ni na ci koshari na ƙoshi, Yaya kuwa shayi da burodi.

Likitar da muka je wurinta ta fi ɗokin ganin kakin a kan mai shi. Ta ce ƙarin sunansa GIST, ba kasafai ake samunsa ba, kuma a madubin likita yana kama da wasu ƙari na tsoka, shi ya sa a da ake rikita su. Sai a 1998 wani Bajafane, Seiichi Hirota, ya gano cewa ƙwayar gado mai suna KIT ce ke lalacewa, ta zama kamar famfon da ya ƙi rufuwa. Maganin imatinib yana toshe famfon, amma sai an san inda ɓarakar take. Akwai wata a ƙwayar PDGFRA, D842V, wadda ko gezau ba ta yi da shi.

Kwana goma sha biyu muna jiran sakamakon gwajin kakin. Yaya ya ce tunda mun zo, a kai shi Giza. Ya tsaya gaban dala yana dafe da ɗinkin cikinsa, ya ce, "Ƙanwata, Fir'auna ma bai zauna ba."

Sakamako ya fito: KIT ce, a sashe na 9. Masu irin wannan, miligiram 400 da aka saba bayarwa kullum ba ya isarsu, sai 800. Likitar ta miƙo mini kakin, an ɗan fere gefensa, ta ce in adana, kada zafi ya narkar da shi. Yaya yana lissafin kuɗin ninkin magani da yatsu, ni ina naɗe robar cikin mayafi.