Yaron nan yana da suna

Yanzu an shiga yayin rabon kekunan guragu. Duk mai neman kujera, daga kansila har sanata, sai ya kafa rumfa a Kafanchan ko Zonkwa, a jera yara, a ɗauki hoto. Ku dubi ƙyallen da ake ratayawa. Fuskar mai bayarwa ta cinye shi, ga sunansa, ga sarautarsa, ga jam'iyyarsa. Yaran kuwa adadi ne kawai: an taimaki mutum kaza. Ban ce a daina ba, wanda shan inna ta taɓa keke ita ce ƙafarsa. Amma shekaruna sun koya mini cewa tausayi ba ya riƙe sunan mutum, shi ya sa nake tsoronsa.

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare, can baya sa'ad da jirgin ƙasa ke raya garin nan, muna da wani yaro mai rarrafe da silifas a tafin hannu. Kafaɗunsa kamar na maƙeri. Ranar wasannin makaranta ya roƙi a bar shi ya jefa dunƙulen ƙarfe. Ya zauna daram a ƙasa, ya goge hannu a riga, ya wurga, sai ga shi ya wuce kowa. Mai lasifika ya ce, "Jama'a, ku tafa wa wannan bawan Allah, abin tausayi." Kofi aka miƙa wa na biyu, wai sunan na farkon ba ya cikin takarda. Shi kuma aka ba shi sandar sabulu. Bai sake zuwa fili ba.

To, irinsa ne suke rufa wa ƙasar nan asiri. A Barcelona a 1992, zuwanmu na farko gasar nakasassu ta duniya, Adeoye Ajibola ya ci zinare biyu a tsere. A Landan a 2012 masu ƙafa biyu suka dawo hannu rabbana, nakasassu suka zo da lambobi 13, shida na zinare. A Paris a 2024 haka aka sake yi, waɗancan babu ko ɗaya, waɗannan bakwai. A nan ne Mariam Eniola Bolaji, 'yar shekara 18, ta ci tagulla a badminton, abin da babu ɗan Afirka da ya taɓa yi. Ka tari samarin da ke gidan kallon ƙwallo ka tambaye su wace ce ita. Za su lissafa maka 'yan benci na Arsenal, ita ko oho.

Mu ma a Arewa muna da namu. Ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan katako mai tayoyi, Misbahu Lawan Didi ne, mutumin Kano, ya ƙirƙiro ta a 1988. Yara nawa ta raba da bara a ƙofar masallaci da coci? Duk da haka in ana maganarta sai a ce "guragu sun yi wasa," ba a cewa wane ne ya ci ƙwallo.

Na sha faɗa wa matasa cewa kuɗi ba shi ne yabo ba, ambulan takan ƙare kafin a kai gida. Sai dai kuma, ku ba su kuɗin! Mai ɗaga ƙarfe ba ya ɗaga shi da tafi, sai ya ci ya ƙoshi, kuma kuɗin mota daga Kwoi zuwa Kaduna ba wasa ba ne. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine don keke ta shiga. Wa'adin ya wuce, matakala suna nan yadda suke.

Abin da nake nema bai kai kuɗin rumfa ba. In yarinya kurma ta yi gudu a filin wasa na Kafanchan, a samu mai agogo ya rubuta daƙiƙarta, a kira sunanta da na mahaifinta da na ƙauyensu, a ajiye takardar, domin wadda za ta zo baɗi ta san wa take son ta kayar. In ta zo ta huɗu, a ce ta huɗu ce, kada a ba ta sabulu.